Kafin Ka Cike Fam, Ɗantala

Ɗantala, na ji Nafi'u ya shiga shekarar ƙarshe.
Jawo kujera kafin shayin ya huce,
in ba ka labarin abin da na gani bara
a teburin cin abinci, gidanmu na titin Morse,
ƙanƙara tana zuba a Columbus,
ni da Hindatu da kwamfuta da tulin takardun haraji.

Kada ka jira.
Ni na ce sai na dawo daga kai kaya Indiana,
sai ƙarshen wata, sai na huta.
Tallafin karatu tuwon biki ne,
wanda ya zo bayan la'asar, ƙanzo zai tarar.
Kowace makaranta da ranarta.
Rubuta su da jan biro, ka manna a ƙofar firji.

Fam ɗin gwamnati kyauta ne.
Wani mai kwat a bayan shagon aika kuɗi
ya karɓi dala ɗari uku a hannuna
don ya danna abin da 'yata take dannawa tana hamma.
Har yau in na bi ta layin, kau da kai nake yi.

Kalmar sirrinka daban, ta yaron daban.
Sa su a littafi. Kai ba rumbu ba ne.
Sau uku ina manta tawa.

Sai wasiƙu su fara zuwa,
takarda mai kauri, tambari mai ƙyalli,
lamba ƙatuwa kamar an ba ka gona.
Kada ka bari a yi guɗa tukuna.
A nan kyauta da bashi anko suke yi,
layi ɗaya, tawada ɗaya, murmushi ɗaya.
Ɗauki fensir ka raba su
yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa.
Na sani, bashi hanji ne, yana cikin kowa,
amma mai ruwa ko kana barci yana tsiro.
Tambaya guda ka riƙe:
nawa zai fita daga aljihuna, ba bana kaɗai ba,
har shekara huɗu?

Da suka rage mana awoyi a wurin aiki
kunya ta hana ni magana mako biyu.
Hindatu ce ta rubuta wa ofishin,
muka haɗa da takardar albashi, tsohuwa da sabuwa.
Ban ce za su ƙara maka ba.
Amma wanda ya yi shiru, ɗauka ake ya ƙoshi.

Ba za ka ga gurbi a fam ɗin ba
na kuɗin maganin Inna a Birnin Kudu,
ko rufin ɗakin da damina ta yaye.
Zai yi maka ciwo. Duk da haka faɗi gaskiya,
ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saura mai wuyar.
Mahaifina ya rasu ban san
dami nawa yake samu a shekara ba.
Ba a tambaya, ba a faɗa.
Ga ni nan, 'yar cikina a gefena,
abin da na samu a wata goma sha biyu
ya fito a allo, tsirara.
Na so in rufe shi da tafin hannu.

Ta duba. Ta daɗe.
Na ga leɓenta yana cire kuɗin haya,
yana cire man mota, yana cire wuta.
Ta ce, Baba, a cikin wannan
ka saya mini takalmin gudu?
Na ce ta danna gaba, dare ya yi.

Yanzu tana Toledo.
Ba ta ƙara roƙona komai ba,
sai na yi mata faɗa take karɓa.

Zo ranar Asabar da takardunka.
Zo da Nafi'u, ya zauna kusa da kai.
Bar shi ya gani.